Yadda Za Ka Ƙwace Muryar Jarumin Katun Daga Ƙanin Matarka

Kai da kake zaune kana cizon yatsa saboda wani ya fi ka farin jini a wurin aiki, share hawayenka, kakarka ta yanke saƙa. Ga hanya tabbatacciya wadda aka gwada aka gani. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, abin da ke hannun wancan zai dawo hannunka, kuma shi da bakinsa zai yi maka godiya. Ba boka, ba layu, ba zufa. Wanda ya gwada ta har ta ci wani ne da ake kira Gwani, ma'aikaci a ɗakin ɗaukar murya inda ake mayar da katun ɗin ƙasashen waje zuwa harshenmu. Shi ya raɗa wa kansa sunan, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ka faɗo hannun manya.

Mataki na 1: Samu malami, ko da na zane ne

Gwani bai je da nisa ba. Shekara da shekaru shi ke yin muryar bos, wato mugun labarin, a wani dogon katun na wata ƙasa da ke lilo a cikin gajimare. Sunan bos ɗin Murmushi, mashawarcin wata ƙaramar sarauniya da ba ta san dawan garin ba. Dogo ne siriri, farin gashi har gadon baya, idanu kullum a lumshe, hannu riƙe da kofin shayin da ba a taɓa ganin ya kurɓa ba. Ba ya ɗaga murya, ba ya zare takobi, ko ƙarya ma ba ya yi. Sai dai ya sunkuya kusa da kunnen sarauniya ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ba na zargin kowa, amma..." Kafin a gama kashin ranar, an jefo wani bawan Allah daga bakin gajimare. In kuwa ya buɗe ido, to a fara neman likkafani. Daga nan sai ya juya baya ya yi dariyar nan tasa, wadda take tashi daga hanci, ta gangara ƙirji, ta ƙare da ɗan tari.

Dariyar ta Gwani ce, shi ya ƙago ta, kuma a ba kowa haƙƙinsa, ya iya ta. Kai ma ka nemi irin wannan malamin ka haddace shi. Mutum ne kawai zai ba ka shawara ya nemi lada, zane ba ruwansa.

Mataki na 2: Nemo abin da zai riƙa ci maka rai

Makirci ba ya tafiya ba mai, kuma mansa hassada ce. Ta Gwani a cikin gidansa take. Ƙanin matarsa, Auta, wanda shi Gwani ya kai shi ɗakin ɗaukar murya da hannunsa, shi aka ba muryar jarumin katun ɗin: Tartsatsi, wani yaro mai gashi tsaye cirko-cirko da takobin da ya fi shi tsawo.

Duk ranar da Auta ya leƙo gidan yayarsa, yaran Gwani sai su yanyame shi. "Kawu, yi mana! Kawu, don Allah yi mana!" Auta ya ɗaga ludayi sama ya kwarara ihu, "Takobin gajimare, tsaga!" Yara su zube a kan kujeru suna shure-shure don daɗi.

Wata rana Gwani ya yi gyaran murya daga inda yake zaune ya ce, "Ku zo ni ma in yi muku tawa."

Ya fara dariyar nan daga hanci. Kafin ta isa ƙirji ƙaramar 'yarsa ta shige bayan uwarta ta ƙanƙame zane.

Matar ta ce, "Haba, Baban yara, ka riƙa barin dariyar nan a wurin aiki mana. Ranar da ka yi ta a banɗaki sai da yarinyar nan ta yi fitsarin kwance."

Abin ya yi masa ciwo, ciwo na gaske, kada ka raina. Abu ɗaya yake so a duniya: yaransa su ji muryarsa a talabijin su yi tsalle, maimakon su gudu. Mai hankali zai tauna wannan ya haɗiye. Amma ba don masu hankali aka rubuta wannan jagora ba.

Mataki na 3: Yi yabo, ka sa masa wutsiya

Kada ka kuskura ka zagi abokin hamayyarka. Zagi aikin 'yan koyo ne. Gwani ya sami Darakta, wata mace mai tabarau a goshi wadda ba ta da lokacin kowa, ya lumshe ido irin na malaminsa.

"Darakta, yaron nan Auta Allah ya yi masa baiwa. Wallahi alfahari nake da shi. Ni dai tausayinsa nake ji."

"Tausayin me?"

"Ba ki ji muryarsa ta ɗan karce jiya ba? A'a, bar shi kawai, wataƙila kunnena ne."

Muryar Auta lafiyarta ƙalau a lokacin, garau kamar ƙararrawar makaranta. Wannan ba matsala ba ce. Ka shuka maganar tukuna, gaskiyarta za ta biyo baya.

Mataki na 4: Kashe shi da alheri

Nan ne ake gane ƙwararre. Gwani ya tsiri ɗauko Auta a babur kowace safiya, wai don ya rage masa wahalar mota. A kan hanya, iska na dukan maƙogwaro, sai ya ce, "Gwada ihun nan in ji. Ƙara. Bai fito ba, ƙara!" Auta ya yi ta tsaga gajimare a tsakiyar titi, masu shago suna leƙowa. Da sun isa, maƙogwaro ya yi zafi, sai Gwani ya zaro gora cike da ruwan ƙanƙara.

"Sha, ƙanena. In ban kula da kai ba, wa zai kula?"

"Yaya, Allah ya bar zumunci," in ji Auta, yana kwankwaɗa har da lumshe ido.

A gida matar ta buɗe firij ta tsaya. "Wai ina ƙanƙarar gidan nan take zuwa ne?"

"Zafi ake yi," in ji Gwani, bai ɗago ba.

Hikima ta kyauta: duk muguntar da aka yi maka godiya a kanta, ba mugunta ba ce, hidima ce.

Mataki na 5: Kada ka kalli katun ɗin

Riƙe wannan da kyau, don shi ne ginshiƙi. A ɗakin ɗaukar murya, kowa wurin da zai yi magana kawai ake haska masa a allo, ya yi nasa ya fita. Sauran ma'aikata sukan kwashi kashi-kashin da ba a fassara ba su je gida su kalla, su san inda labari ya dosa. 'Yan makaranta masu waya ma sun riga sun kalle shi da harshensa na asali har gaba da inda aka tsaya. Gwani kuwa ya fi ƙarfin wannan.

"Ni da gemuna in zauna kallon zanen yara? Ni murya nake bayarwa, ba ido ba."

Madalla da wannan girman kai. Wanda ya tsaya bincike ai ba ya cin riba, kai dai ka sa ido a kan kujerar da kake so.

Mataki na 6: Miƙa kanka hadaya a gaban shaidu

Ranar da ake jira ta zo. Auta ya tsaya gaban makirufo, ya cika ƙirji, ya buɗe baki, sai ga wata ƙara kamar zakaran da mura ta kama. Ya sake, ta ƙi. Idanunsa suka kawo ruwa.

Gwani ya taso a hankali, ya dafa kafaɗarsa. "Darakta, ba zan zuba ido yaron nan ya rasa abin yi ba. Murmushi raɗa yake yi, ba ya ihu, ko da dusasshiyar murya za a iya shi. A ba Auta nawa. Ni zan ɗauki wahalar Tartsatsi."

Auta ya zaro ido, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Yaya, amma ka san Tartsatsi fa..."

"Na sani, na sani, aiki ne mai nauyi. Kada ka damu da ni."

"Ba haka ba, Yaya, a kashi na gaba..."

"Yi shiru, kana ƙara wa maƙogwaronka ciwo."

Darakta ta sauko da tabarau daga goshi zuwa hanci, ta daɗe tana kallon Gwani. Ba yau ta fara aiki da 'yan Adam ba, kuma ta ga gorar nan fiye da sau ɗaya.

"Musayar ta ɗan lokaci ce, ko ta dindindin?"

"Ta dindindin, Darakta. Ni ba na yin alheri rabi da rabi."

"Kowa ya ji ko? To, faɗuwa ta zo daidai da zama."

Ka gani? Abin da aka yi maka alkawari ya tabbata. Kujera ta dawo hannu, ga kuma godiya, don Auta har rungume shi ya yi yana hawaye.

Mataki na 7: Ci nasararka da zafinta

Gwani ya koma gida ya tara yara ya sanar: daga yanzu Babansu ne Tartsatsi. Washegari ya sha zuma da ruwan ɗumi, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya tsaya gaban makirufo. Allo ya haska. Tartsatsi ya ɗaga takobi, Gwani ya ce, "Ku tsaya a bayana!" Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa.

Sai Murmushi ya ajiye kofin shayi, ya buɗe idanu duka biyu.

Abin da ya rage wa Gwani ya faɗa bai wuce "Wayyo" ba, da wani dogon ihu, yayin da Tartsatsi ke faɗowa daga gajimare yana ƙanƙancewa har ya zama ɗigo.

Ya cire abin sauraron da ke kunnensa. "Darakta, yaushe zai tashi?"

"Ba ya tashi. Ƙanwarsa ce za ta ɗauki takobin, mun riga mun sami mai muryarta. Da ma tunanin inda zan sa Auta ne ya hana ni sakat, sai ga ka da alherinka."

"Murmushi fa?"

"Shi kam yana nan daram, zango bayan zango, ko masu zanen ba su san ranar mutuwarsa ba. Mayar da abin kunnenka. Sake mutuwa, wannan ba ta shiga jiki ba."

Haka ya yi ta mutuwa har azahar. A ta ƙarshe ihun ya fito daga can ƙasan ciki, Darakta ta ce wannan ita ce ta gaskiya.

Mataki na 8: Miƙa gadonka da hannunka

Yana tattara kayansa Auta ya tare shi a bakin ƙofa, cike da kunya.

"Yaya, dariyar ta ƙi ni. Don girman Allah koya mini, kai ne mai ita."

Darakta na tsaye, ta harɗe hannu. Mai alheri ba ya janyewa a gaban shaidu. Gwani ya tsaya ya koya masa: ga yadda take tashi daga hanci, ga inda take sauka a ƙirji, ga tarin ƙarshe. Auta ya gwada. Dusasshiyar muryar nan da ƙanƙara ta gyara ta ba tarin wani amo mai sa tsigar jiki tashi, wanda Gwani bai taɓa samu ba duk tsawon shekarunsa. Har mai kula da na'urar ɗaukar murya sai da ya waiwaya ya duba bayansa.

Mataki na 9: Zauna da iyali ku kalla tare

Ranar da aka haska kashin, yara sun jeru a gaban talabijin tun kafin lokaci. Matar tana gefe tana ninke wanki. Tun da Auta ya ba ta labarin kirkin Yaya, da babur, da gorar sanyi ta kowace safiya, maganarta da mijinta ta koma "ga abinci" da "a sauka lafiya".

"Ku tsaya a bayana!" in ji talabijin, da muryar Baba. Yara suka yi tsalle. Gwani ya ga tsallen da idonsa, ya samu abin da yake nema, kuma bai kai tsawon hamma ba.

Tartsatsi ya faɗo. Ƙaramar ta juyo, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, kai ka kashe shi. Da yana hannun Kawu bai taɓa mutuwa ba."

Sai dariyar Murmushi ta cika ɗakin, daga hanci zuwa ƙirji zuwa tari. Babban ɗan ya rungume matashin kujera, tsoro da sha'awa sun haɗe masa, ya ce, "Kai! Ashe Kawu ya fi Baba iya mugunta!"

Matar ta karkaɗe wata riga, ta ninke ta biyu, ba ta kalli kowa ba.

"A katun ba," in ji ta.

Wanke hannu

Wannan jagora ta yi alkawarin za ka samu kujerar, ba ta ce kujerar tana da ƙafafu ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana yin muryar mai gadi na biyu da haniniyar doki, kamar yadda Gwani yake yi yanzu, ko 'yarsa ta daina zama a cinyarsa, ko matarsa ta sa wa firij kwaɗo, to kada ya nemi marubuci, kada ya aiko ɗan saƙo. Ba mu san ka ba, ba ka san mu ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.