Tela Sai-Ni da Kwat ɗin Leda

"Ni da kake gani, ko iska aka miƙo mini sai na yanka ta, na ɗinke ta, har na sa mata aljihu."

Da irin wannan maganar telan layinmu yake buɗe baki kowace safiya, tun kafin ya buɗe shago. Sai-Ni kowa ke kiransa, don duk zancen da aka ɗauko, daga gyaran rediyo har ciwon haƙori, da "ai wannan sai ni" yake rufe shi. Ɗinki kam yana taɓawa, kada mu ci haƙƙinsa. Abin dai shi ne, in ka kai masa yadin wando, sai ka koma gida ka yi ta addu'a ƙafafun biyu su fito tsawo ɗaya.

Wata rana yana cikin taka keken ɗinki sai ya ji a rediyo cewa gwamnati za ta ba da tallafi ga duk mai dabarar rage shara, ko mayar da abin da aka zubar ya zama abin amfani. Aka ce mutum ya zo da samfurin aikinsa gaban kwamiti. Gogan ya bar rigar mutane rataye a bakin allura, ya nufi gida.

"Maman yara, ki fara koyon zama a bayan mota," in ji shi. "Gwamnati na nemana."

Matar ta ɗago daga wanke-wanke. "Sunanka ta kira?"

"Ba ta kira suna ba. Amma duk wanda ya ji sanarwar ya san da wa ake."

"To me za ka kai mata?"

"Kwat da wando da hula, na leda zalla. Kuma ba a jaka zan kai ba, a jikina zan kai su."

Abokina, ba ka ga aiki ba. Sai-Ni ya bi kwatoci da bayan kantuna yana tsintar leda, baƙa da fara da mai ratsi-ratsi. Ya wanke, ya cika igiyar shanyar matarsa, har kayan yara suka rasa wurin bushewa. Wata uwa ta kawo yadin kayan makarantar 'ya'yanta, ya dube ta a ɗage ya ce, "Yadi na ƙananan teloli ne, baiwar Allah. Gwada gaba." Tsohon da ya ba shi hayar shago ya leƙo don ya ga abin da ke ƙara kamar ana taka busasshen ganye, gogan ya ce, "Yauwa Baba, dama ina nemanka. Ka fara cigiyar wani ɗan haya. Ɗakin nan ya yi wa masana'anta kaɗan."

"Ka tabbata?"

"Ni na taɓa faɗin abin da ban tabbatar ba?"

Tsohon ya juya, ya tafi neman ɗan haya.

Don kwamiti ya ga gwaninta, Sai-Ni ya matse ɗinkin ƙanana-ƙanana, allura na bin sawun allura. A yadi, wannan shi ne aikin ƙwarai. A leda kuwa, layin huji kawai ya jera, wanda ke jiran a ja shi ya rabu. Amma wa zai gaya wa Sarkin Almakashi?

Ranar zuwa ya zura kayan a kan wata tsohuwar singileti da gajeren wando, ya tsaya gaban madubi yana juyi yana sheƙi.

"Ya kika gan ni?"

"Kamar a ɗaure bakinka a ajiye a bakin titi," in ji matar. "Ka tafi da riga a hannu mana, ko don halin rana."

"Mai zuwa karɓar tallafi ba ya riƙe ƙunshi."

A bakin titi ya tsayar da tasi. Direban ya leƙo ya ce, "Kaya a but ake sa su. Ina mai kayan?" Sai-Ni ya ce ba zai shiga motar jahili ba, ya kama hanya a ƙasa. Rana ta buɗe. Leda ba ta san shan iska ba, nan da nan gumi ya fara gangarowa ta hannun kwat yana ɗiga kamar famfon da ya lalace. Wata akuya ta biyo shi da kyakkyawar niyya, kafin ya ankara ta cinye masa aljihun hagu.

Ya isa ofishin, ya tarar da masu jira a kan kujerun roba. Wata mata na riƙe da bokitin takin da ta yi da ɓawon kayan marmari, wani kuma ya rungumo bulon da ya yi da narkakkun tsofaffin robobi. Sai-Ni ya dube su ya yi murmushin tausayi, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ku yi haƙuri fa," in ji shi. "In an ba ni, zan ɗauki wasunku aiki."

Ko numfashi ya ja sai kayan su amsa, ƙacau-ƙacau, har mai gadi ya roƙe shi ya rage motsi. Zafi da gumi kuwa suna ta aikinsu a tsakanin leda da kujera. Da aka kira shi ya zabura ya miƙe. Shi ya tashi, amma mazaunin wandon ya ce zai ɗan ƙara hutawa. Gogan ya ji iska ta buge shi ta inda bai gayyace ta ba. Ya cire hula ya tare wurin, ya shiga ɗakin kwamiti a kaikaice yana goga bango.

Shugabar kwamitin wata dattijuwa ce mai tabarau. Kusa da ita wani ƙato mai gashin baki, a kusurwa kuma wata babbar fanka na juya kai hagu da dama.

"Ina samfurin naka?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, shi kike kallo. Ruwa ba ya ratsa shi, asu ba ya cin sa, ba ya son guga."

"Ƙarko fa?"

Nan ne ya kamata ya yi shiru. Amma bakin Sai-Ni ba ya shawara da shi. Ya miƙa wa ƙaton hannu ya ce, "Yallaɓai, ja da duk ƙarfinka. In ya motsa, ba ni na ɗinka ba."

Mutumin bai ma sa ƙarfi ba. Da yatsa biyu ya ɗan ja, sai ga hannun kwat ya biyo shi salin-alin. Hujin allura ya ba hujin allura hanya, ɗinkin ya zarce kafaɗa, ya sauka gadon baya, ya gangara ƙugu. Sai-Ni ya kai hannu zai tare gaba, hula ta suɓuce daga baya. Daidai nan fanka ta waigo.

Kai, abokina, ofishi ya koma kamar an saki garken tsuntsaye. Baƙar leda ta yi sama, fara ta yi ƙasa. Ɗaya ta lulluɓe tabarau ɗin shugaba, wata ta faɗa kofin shayin mai gashin baki, ƙafar wando guda ta naɗe fankar tana fal-fal. Injiniyan leda kuwa na tsaye tsakiyar ɗaki, daga shi sai singileti mai huji da gajeren wando, da wuyan kwat da ya rage masa kamar an ɗaura wa rago igiya.

Dattijuwar ta cire ledar daga fuskarta a hankali.

"Malam, mu rage shara muke yi. Tunda aka buɗe ofishin nan, kai ne mutum na farko da ya kawo mana ita har gida. Tsince ta tas."

Haka ya durƙusa yana bin kwat ɗinsa ƙarƙashin tebura. Mai shara ta turo ƙofa da kwandunanta, ta nuna masa na leda ya zuba. Sannan ta dube shi sama da ƙasa, ta juya wajen shugaba ta ce, "Shi kuma a wanne za a sa shi?"

Da wani ne, da tuni ya nemi ƙofa. Amma Sai-Ni ya tuna shagon da ya sallama da masu ɗinkin da ya kora, ya gyara tsayuwa, ya haɗa hannuwa a gaba.

"Ranki ya daɗe, ban da wannan 'yar tangarɗar, ai kin ga basira. Maganar tallafin fa? Kada in koma wa iyali hannu wofi."

Dattijuwar ta ƙare masa kallo. Can ta ce, "Gaskiya ne, kana buƙatar tallafi, kuma na gaggawa." Ta miƙe, ta zare wani tsohon labule daga taga, ta kaɗe shi, ta yafa masa a kafaɗa.

"Ga tallafin gwamnati nan. Ka wanke ka dawo da shi gobe, na ofis ne."