Ranar da Na Yi wa Bappa Lacca Kan Tsofaffin Ɓeraye

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je gaishe da Bappa Hammadu a unguwar Makama ba. Shi ne ƙanin mahaifin Fadimatu, yarinyar da nake nema da aure, kuma shi ne waliyyinta. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

A lokacin ina tsakiyar binciken digirina na biyu kan melatonin, wato sinadarin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa idan duhu ya yi don ya jawo barci. Yana raguwa da tsufa, mu kuma muna ba tsofaffin ɓeraye shi mu ga ko zai kare musu ƙoda. Na san aikina sosai (matsalar ke nan). Tun a Jimeta, kafin in hau Keke, Fadimatu ta gargaɗe ni a waya: "Ka gaishe shi, ka amsa abin da ya tambaye ka kawai."

Na tarar da shi a zaure da abokansa dattawa. Na durƙusa, na gaida kowa, komai lafiya lau. Sai ya ce, "Yaro, an ce kana karatun ƙoda. Ni ma likita ya ce tawa ta fara gajiya."

Shi ke nan, kamar an kunna rediyo. Na gyara zama, har da ɗaga yatsa. Na yi bayanin barci, na yi na fitsari. Da na ga suna gyaɗa kai sai na ƙara wuta: "Ai Bappa, duk dabbar da ta tsufa kamar ku, ƙodarta sai ta lalace. Irinku muke ajiyewa a keji muna gwaji."

Wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na ce zan gyara: "Ina nufin masu furfura, waɗanda haƙoransu suka zube." (Bappa ba shi da haƙoran gaba.)

Bappa ya kalle ni. Sannan ya juya ga abokansa ya ce, "Kun ji, ashe keji ya zo auna mana." Suka fashe da dariya, ɗaya har da tari. Gumi ya jiƙa min sabuwar shadda.

Da dariyar ta lafa Bappa ya ce, "To likita, in sha maganin?"

"A'a Bappa, a ɓera kawai muka gwada. Ku bi maganar likitanku."

"Madalla. Bakinka ba linzami, amma ba ka ƙarya."

Ya ba ni Fadimatu. Abin da na koya shi ne, idan dattijo ya tambaye ka aikinka, ka ce "Alhamdulillahi, muna ta fama," ka sha shayinka.