Rasuwar Mai-Ido, Wayar Mainasara

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hantsin nan na Talata da rana ta fito da zafinta, iyalan Mainasara na Danchadi suna sanar da rasuwar wayarsa, wadda ƙauye ya sani da Mai-Ido.

Marigayiya ta zo gidan ne ta hannun ƙanensa Zainulabidin, a shekarar da idon Mainasara ya dushe. Kyamararta ba irin ta kowa ba ce. Abin da ke tsaye ba ruwanta da shi, ko mai gari ne. Amma abu ya motsa, ko da gudun tsiya ya zo, ta gan shi. Mainasara kan rataya ta a wuya ya tsaya bakin kwalta. In babur na tahowa ta ce ƙit-ƙit-ƙit, in tirela ce ta yi ta yi har sai ya ja da baya. In ta yi shiru, sai ya ƙetara zuwa lambun albasarsa a fadama, shi kaɗai, ba mai riƙe masa sanda. Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ba ta taɓa yi masa gori ba.

Ciwon ajali ya soma da zazzaɓi a bazarar nan. Jikinta ya yi zafi rau. Inna Kulu, mahaifiyarsa, ta ji tausayinta, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma kamar yadda ake yi wa jarkar ruwan sha, ta kwantar da ita gindin randa. Zafin ya sauka kam. Ita ma ba ta sake tashi ba. Mai gyara a Bodinga ya buɗe cikinta, ya ce irin idonta ko Sakkwato babu.

Ta rasu ta bar caja, da igiyar wuya, da Inna Kulu da ta kasa cin tuwo, da albasa tana jiran ruwa a ƙetaren hanya.

Za a yi jana'iza bayan La'asar a cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin dogon yaro. Masu ta'aziyya su sami Mainasara a bakin kwalta, nan yake wuni yanzu yana sauraren motoci. Ɗazu dai wata mata mai tallan nono ta kama bakin sandarsa ta ƙetarar da shi, ta wuce abinta. Bai san ko wace ce ba. Bai kuma san wanda zai dawo da shi ba.