Rasuwar Sarƙar Babur ɗin Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta da sauran wurin ajiye wani, Tela na ƙarshen layi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar sarƙar babur ɗinsa. Ta cika ranar Laraba da la'asar a kan hawan da ke gaban injin niƙa, bayan doguwar jinya. A bakin aiki ta tsinke, ba ta kwanta ta ba kowa wahala ba. Masu dariya su yi abinsu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba Tela ne ya fara riƙon marigayiya ba. Gadonta ya yi haɗe da babur ɗin daga hannun Yayansa, mai raba burodi, wanda ya riga mu gidan gaskiya shekara biyu ke nan. An shaide ta da haƙuri da juriya. Ta ja buhu, ta ja mai ciki zuwa asibiti, ta sha taɓo ta sha ruwan kwata, ba ta taɓa zamewa a gaban surukai ba. Aibinta ɗaya ne, wata gaɓa baƙuwa da Yaya ya taɓa ƙara mata daga wata sarƙar, wadda ba ta taɓa zama daidai ba. Duk zagaye sai ta ce tak. Tak, tak, tak, tun daga bakin layi har ƙofar gida.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka gara a faɗa. Inna, mahaifiyar su Tela, tsufa ya cinye mata ido ya kuma taɓa mata tunani. An gaya mata rasuwar babban ɗanta, ta yi kuka, washegari ta manta. Aka sake gaya mata, ta sake yin kukan sabo fil, daga nan kowa ya ja bakinsa. Abin da bai bar ta ba shi ne wannan tak ɗin. Da ta ji shi sai ta gyara zama, ta buɗe kwanon da ta ƙi taɓawa tun rana, ta kira Tela da sunan Yaya. Shi kuma ya amsa. Shekara biyu yana amsa sunan mamaci, Inna tana cin abinci.

Shi ya sa duk Asabar za ka gan shi tsugune a tsakar gida, babur a kan ƙafar tsakiya, gwangwanin kananzir a gefe. Da tsohon buroshin haƙori yake bin ta gaɓa-gaɓa, yana juya tayar baya da hannu, baƙin ruwa yana ɗiga a kan kwali. Ya tsane ta da ƙyallen shago, ya jira ta sha iska, sannan ya ɗiga mata mai ta ciki, ya goge rarar don kada ƙasa ta samu wurin kamawa. Ko jaririn fari bai ga wannan gata ba, matarsa ma ta sha faɗa masa haka.

Amma mai ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Marigayiya ta saki, aka ja ta, ta sake saki, har wurin ja ya ƙare. Haƙoran faifan baya da take kewayawa suka sirance suka lanƙwashe kamar faratan kyanwa. Dogo bakanike ya rantse cewa wata rana za ta kayar da Tela a tsakiyar titi, Tela ya yi kunnen uwar shegu. Ya san gaskiya Dogo ya faɗa, kuma kullum da tsoro yake hawa.

Ta rasu ta bar faifan gaba da na baya, dukansu ba su da sauran amfani a bayanta, da rabin gwangwanin mai, da buroshi. Ta bar wata amaryar sarƙa da Dogo ya ɗaura, mai sheƙi, mai shiru kamar ɓarawo. Tela ya ɗaura wa amaryar guntun waya don ta kwaikwayi muryar, Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. Ya shiga ya gaishe ta, ta amsa masa da ladabin da ake yi wa baƙo, ta tambaye shi ko ya gamu da ɗanta a hanya. Kwanon yana nan a rufe.

Shi kuwa yanzu ko'ina jin ta yake. A cikin keken ɗinki, a fankar shago, a famfon da ke ɗiga, tak, tak. Jiya da rana tsaka ya ji ta ta taho ta tsaya a ƙofar shago, ya fito da almakashi a hannu, bai tarar da kowa ba sai zafin rana.

Za a yi mata wankan ƙarshe da kananzir ranar Asabar da hantsi a tsakar gida, a shafe ta da mai, a naɗe ta a farin ƙyalle, a ajiye ta cikin akwatin kayan Yaya. Masu sayen tsohon ƙarfe su hutar da ƙafarsu. Za a zauna karɓar gaisuwa a shago, ba a gida ba. Wanda ya zama dole ya biyo ta gida a kan babur, ana roƙonsa don Allah ya kashe tun daga bakin layi ya turo da hannu, domin yanzu duk ƙarar babur da Inna ta ji sai ta dafa bango ta miƙe neman ɗanta.