Rasuwar Kwamfutar Illo

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, iyalin Malama Hafsatu ta bakin ruwa, Yelwa, ke sanar da rasuwar kwamfutarta, ranar Talata da hantsi, tana da shekara bakwai.

Marigayiya ta zo Yauri a 1992 tare da mijin Hafsatu, Illo, mai auna iska da ruwa don 'yan jiragen kwale-kwale masu ƙetarawa Warra. Manhaja biyu ya rubuta mata, ya haɗa su da abin da masu sana'ar ke ce wa bututu. Ta farko ita yake zuba wa awo. Ta biyu ta karɓa ta cikin bututun, ta nuna wa Hafsatu ko a tashi ko a dakata, ita kuma ta gaya wa matuƙa. Muddin mai aikawa bai rufe bakin bututun ba, mai karɓa jira za ta yi ta yi, ko shekara nawa ne.

Shekara uku ke nan Illo ya shiga jirgi, ba a ga jirgin ba, ba a ga gawa ba. Hafsatu ta ƙi takaba, ta ƙi karɓar gaisuwa. Kullum da safe sai ta kunna marigayiya, ta tayar da manhajojin biyu, ta zauna tana kallon kalmar da ke ƙyaftawa: "Ina saurare." Inna, mahaifiyarta, ta yi faɗa har ta gaji. Ita dai Hafsatu amsarta ɗaya: "Ai bai rufe ba, Inna."

Marigayiya ba ta taɓa ƙorafi ba, baiwar Allah. Ƙiiit idan ta farka, gurnani kaɗan, shi ke nan. Danshin damina ne ya kama ta, ta fara kakari, wani lokaci har mu ji kamar ana taɓa madannai alhali ba kowa kusa. Wallahi mun ji tsoro.

Ranar Talata manhajar farko ta tsaya, bututun ya rufe. Sai ga rubutun da Illo ya ajiye ya riƙa fitowa in bututun ya rufe, wanda Hafsatu ba ta taɓa gani ba, don da can Illo ke rufewa da kansa, tana can wajen matuƙa: "Na gama, Hafsatu. Kashe, ki tafi gida." Ta karanta sau uku, allon ya yi baƙi. Ran nan muka fara jin kukan Hafsatu.

Marigayiya ta bar firinta guda, kurma, da faifai goma sha ɗaya.

Za a naɗe ta cikin tsohon zanen tebur, a binne ta bayan gida ranar Alhamis bayan la'asar, nesa da tafki. Hafsatu ta shiga takaba jiya. Duk wanda ta kora da gaisuwarsa shekara uku da suka wuce, ta ce ya dawo da ita.