Ranar da Na Yi wa Koriyar Riga Tafi a Karu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara taka filin ƙwallon ƙungiyar Garma a Karu ba. A shekarar ne gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas zuwa Abuja, ta haɗo da ni, ƙaramin akawu mai takalmi sau ciki da baki kamar rediyo. Ɗaki na kama a Karu, kuma ban daɗe ba na faɗa son Ladi, 'yar Baba Danjuma. Matsalar ɗaya ce: tsohon bai yarda da 'yan ofis ba. A wurinsa duk mun zo ne mu cinye gonaki mu wuce.

Ladi ce ta ba ni shawara. Ta ce in ina son zuciyar mahaifinta, in zo filin Garma ranar wasa, don shi ne ya kafa ƙungiyar. Ta zauna ta zayyana mini tarihin tun daga tushe. Manoman doya ne suka share filin farko da garmunansu, sunan ke nan ya bi su. Da magina suka fara cika gari, suka shigo ciki, Musulmi da Kirista, ba a tambayar kowa inda ya fito sai dai a ga ƙafarsa. An karɓe filin aka yi titi, suka ɗauki turakun ragarsu a kafaɗa suka koma gaba. Aka sake karɓewa aka yi gidaje, suka sake ɗauka. Ta faɗi wasu abubuwa da yawa (ni kuwa wushiryarta nake kallo), abin da kawai ya zauna a kaina shi ne launin Garma kore ne.

Ranar wasa na ɗauki lokaci ina tsara kwalliya, shadda mai sitati da koriyar hula sabuwa fil, har na makara. Na tarar an riga an take leda. Filin ya burge ni ƙwarai. Katangar kwano ce, bencuna na katako, amma ko tsinke babu a ƙasa, an ja layuka da toka tsaf, ga turakun nan na tsohon bututun ruwa sun sha fenti. Ladi na can ɗaya gefen tare da mata masu kunu. Baba Danjuma ya matsa mini wuri kusa da shi.

“Oga, ka iya kallon ƙwallo kuwa?”

“Baba, ai a cikinta aka yanke mini cibiya,” in ji ni.

Ga 'yan koriyar riga fes-fes a fili, ga kuma abokan karawarsu cikin wasu koɗaɗɗun singileti, kowacce da launinta. Har tausayinsu na ji. Na gyara zama na fara aiki. Kore ya taɓa ƙwallo in yi tafi, singileti ya taɓa in yi tsaki. Na lura mutane suna ta waiwayowa, na ce a raina yau 'yan Karu sun ga yadda ake goyon baya a Legas.

Can sai wani ɗan kore ya ɗirka wata ƙwallo daga nesa, ta bi ta tsakanin ƙafafun gola ta shige raga. Na daka tsalle, hula ta yi nata wuri. Na nuna golan da yatsa na ƙwala ihu iya ƙarfina: “Kwando! A ba shi kwando ya je kasuwa!” Ban tsaya nan ba, na juya na rungume Baba Danjuma ina jijjiga shi.

Sai a lokacin na ji shirun. Filin nan kaf, ni kaɗai ne a tsaye, sai wasu 'yan tsiraru a can kusurwa da suke ɗaga mini hannu cikin murna. Baba ya zare hannuwana daga wuyansa a hankali.

“Oga, wannan kwandon, ni na haife shi. Yohanna ke nan, wan Ladi.”

Ashe Garma tana da al'ada tun zamanin filin farko. Ƙungiyoyin ƙauye kan zo ba su da riguna, sai dattawan suka ce baƙo ba zai tsaya tsirara mai gida yana ado ba. Tun daga nan, duk baƙon da ya zo, ko yana da nasa ko ba shi da su, shi ake miƙa wa korayen rigunan kafin wasa, 'yan gida su saka abin da ya samu. Ranar 'yan Tungan Maje ne a cikin kore. Ladi ta faɗa mini wannan ma, an kuma miƙa rigunan a gaban kowa lokacin ina gida ina karya hula. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na kuma tabbata aure ya tashi.

Garma ta rama, aka tashi kunnen doki. Aka zauna cin sakwara tare da baƙi. Da suka tuɓe rigunan, Baba ya tattara su jiƙe da gumi ya ɗora mini a hannu.

“Tunda kana son kore haka, ga shi nan. Famfo yana bayan katanga.”

Na naɗe hannun shadda na durƙusa na wanke su tas, Yohanna na tsaye a kaina yana nuna mini inda ban cuɗa ba. Daga baya Ladi ta ce mini abin da tsohon ya faɗa a gida: “Bakinsa ya yi yawa, amma bai gudu ba.”

Mun yi aure. Filin ya sake ƙaura zuwa wajen Jikwoyi, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki turakun a kafaɗa. Abin da na koya shi ne, in budurwa tana ba ka tarihin gidansu, ka bar kallon haƙoranta ka buɗe kunne. Yohanna ya daɗe da ajiye ƙwallo, ba wanda ke tuna wadda ta wuce ta ƙafafunsa. Ni kuwa har yau in ka zo Karu ka tambayi gidan Oga Kwando, kowa zai nuna maka ƙofata.