Taku Dubu Arba'in

Wani ne a nan Bauchi, ma'aikaci a wani kamfanin sayar da takin zamani. Shekara goma sha ɗaya yana kan kujera ɗaya a hawan ƙasa, kusa da ƙofa, daidai inda iskar esi take sauka. Allah ya ba shi jiki, shi kuma bai raina kyautar ba, kullum ƙara mata yake yi. Da safe faranti biyu na masa da romon kai, da rana kuma abin da ya samu. Mutumin da idan bironsa ya faɗi ƙasa sai ya jira wani ya zo wucewa.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, Alhaji Fakhruddeen, wani siriri mai hawa bene da gudu, wanda bai daɗe da dawowa daga kwas a kan lafiyar ma'aikata ba. Ya tara kowa, ya raba musu agogon hannu mai ƙirga taku.

"Kowa taku dubu goma a rana," in ji shi. "Agogon da layinsa a ciki, shi zai riƙa turo wa nas ɗinmu Sista Liatu lissafi. Ƙarshen wata wanda ya zo na ƙarshe, za mu mayar da teburinsa hawa na huɗu, ya riƙa samun motsa jiki kyauta."

Lif ɗin gidan kuwa ya shekara uku da mutuwa. Mutumin ya ɗaga kai ya dubi matakalar benen, ya ji gwiwoyinsa sun fara ciwo tun daga zaune.

Ranar farko ya yi taku ɗari huɗu da sha biyu, har da zuwa masallaci. Rana ta biyu ya wuni yana lilo da hannu a ƙarƙashin tebur. Ya samu ɗari tara, ya samu ciwon kafaɗa. Tsoro ya kama shi sosai. Can sai ya tuna da taubashinsa Hammawa, ɗan kawunsa, wanda har yanzu yake kiwon shanu a bayan gari.

Ya hau keke napep ya same shi a ruga.

"Hammawa, ga agogo na kawo maka. Ɗaura, kada ka cire sai in za ka yi alwala ko za ka kai caji."

Hammawa ya juya agogon. "Ɗan birni, yau kai ne da kyauta? Mene ne a ciki?"

"Lafiya ce a ciki. Kai dai yi ta tafiyarka."

A hanyar dawowa ya biya kasuwar Wunti ya sayi wani mai kama da shi, wanda ko lokaci ba ya nunawa daidai, ya ɗaura a hannu.

Ƙarshen wata Sista Liatu, nas ɗin kamfanin, ta liƙa sakamako a bango. Elisha direba dubu tara. Manaja da kansa dubu goma sha uku. Mutumin namu dubu arba'in da ɗaya a kowace rana. Jimilla kawai ake dubawa, ba wanda ya tambayi ƙarfe nawa aka yi tafiyar.

Aka yi tafi. Manaja ya rungume shi iya inda hannunsa ya kai.

Sista Liatu ce kaɗai ta ɗora shi a sikeli ta dubi lambar. "Malam, taku dubu arba'in a rana, kuma ka ƙara kilo huɗu?"

"Tsoka ce, Sista. Tsoka ta fi kitse nauyi."

"A tumbi take fitowa?"

"Kowa da inda tasa take fitowa."

Daga nan girma ya hau kansa. Aka ba shi minti goma duk ranar Litinin ya yi wa 'yan'uwa lacca. Ya tsaya yana haki, yana cewa sirrin abin shi ne juriya da tashi da wuri. Lucky mai kula da sito, wanda aka riga aka kora hawa na huɗu, har rubutawa yake yi.

Sai dai girman ya zo da nasa. Manaja ya ce zakara ba ya buƙatar bas ɗin ma'aikata, aka ba wani kujerarsa. Dole kullum ya hau keke napep ya sauka a lungun bayan ofis, ya fasa fiyawata ya yayyafa a fuska da ƙirji, sannan ya ɓullo ta bakin titi yana share zufa.

Wata rana Sista Liatu ta tsaya a teburinsa ta ce kwana biyu ke nan lissafinsa ya faɗo zuwa ɗari biyu, ko lafiya? Tana juya baya ya shige banɗaki ya kira waya.

"Hammawa, me ke faruwa?"

"Zazzaɓi ne ya kwantar da ni, ɗan birni."

"Zazzaɓi? Kana wasa da lafiyata fa! Tashi ka ɗan zagaya rugar mana."

"Ko zama ba na iyawa."

A ranar ya kwashi maganin zazzaɓi da gidan sauro da lemo kwando guda ya kai ruga. Ya zauna a kan Hammawa sai da ya ga ya shanye magani. A duk faɗin kamfanin nan ba wanda aka kula da lafiyarsa kamar Hammawa, shi da ko hanyar ofishin bai sani ba.

Wata na uku manaja ya sake tara su, fuskarsa cike da murna.

"Ranar Asabar za mu yi tattaki, daga Ƙofar Ran zuwa bakin barikin Shadawanka. Manyanmu na Abuja za su zo su gani da idonsu. Zakaranmu shi zai riƙe tuta a gaba."

Mutumin ya yi dariya tare da kowa. Ya fita ya kira Hammawa ya maido agogo maza.

"Ai mun tashi, ɗan birni. Ciyawa ta ƙare, muna hanyar Dass da shanu. Sai bayan sati biyu."

Asabar ta zo. Aka sa masa riga mai tambarin kamfani, wadda ta tsaya a saman cibiya ta ƙi sauka. Aka miƙa masa tuta. Manaja ya busa usur, yana gaya wa baƙin Abuja cewa su yi haƙuri idan zakaran ya yi musu nisa, haka yake.

Taku ɗari na farko ya yi su da mutunci. A na ɗari biyu tuta ta koma sanda. Wata tsohuwa mai tallan goro ta wuce shi, ta waiwayo ta ce masa sannu. Bai kai ɗari uku ba ya zube a gindin wata bishiya a bakin titi, ya baje, tuta ta rufe masa fuska.

Jama'a suka taru. Elisha yana yi masa fifita da kwali. Sista Liatu ta rugo, ta buɗe kwamfutar hannunta don ta duba bugun zuciyarsa, sai ta tsaya cak. Ta miƙa wa manaja. Baƙin Abuja suka leƙo ta bayan kafaɗarsa.

Manaja ya dubi allon, ya dubi mutumin a ƙasa, ya sake duban allon.

"Malam, na'ura ta ce zuciyarka lafiya lau. Ta ce ka yi taku dubu goma sha bakwai tun asuba. Ta ce yanzu haka kana kusa da Dass, kana gudu a cikin daji." Ya nuna shi da yatsa. "Ranar Litinin, hawa na huɗu! Kai da teburinka!"

Mutumin ya janye tuta daga fuskarsa, ya buɗe ido ɗaya, ya ce:

"Haba yallaɓai, wata uku kana kallon tumbin nan kullum kana yarda da na'ura. Sai yau da na kusa kaiwa Dass za ka ce idonka ka yarda da shi?"